Arthur Alexander, Mawaƙin Da Ya Yi Noma Waɗansu Suka Girbe

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Gumel zamanin da gyaɗa ta ke da daraja, ya san yadda Gagarawa Tasha kan cika in kaka ta yi. Tun shekara ta 1930, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Kano ta isa Nguru, tashar nan ta zama ƙofar da amfanin gonar wannan yanki ke fita. Manoma su ɗauro buhuna bisa jakuna da raƙuma, waɗansu daga wajen Maigatari, waɗansu daga Sule Tankarkar, a ɗora a sikeli, a ƙirga wa mutum 'yan sulallansa, ya kaɗa jakinsa ya koma gida. Ita kuwa gyaɗar ta hau jirgi ta tafi Kano, a tara ta dala-dala, daga nan ta gangara Ikko, ta ƙetare teku. A can a matse ta, a yi mai, a yi sabulu, mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba su yi arziki da ita, ba kuwa mai tambayar sunan wanda ya shuka.

Mun soma da wannan ne domin mutumin da za mu ba da labarinsa yau haka ta faru gare shi, sai dai shi ba gyaɗa ya noma ba, waƙa ya noma. Sunansa Arthur Alexander, baƙar fata ne na ƙasar Amurka, ya rasu tun shekara ta 1993. Masana kiɗan Turawa duk sun san shi, suna kuwa girmama shi ƙwarai. Amma sauran jama'a, har a ƙasarsu, sun fi sanin waɗanda suka ɗauki waƙoƙinsa suka sāke rerawa, watau Beatles da Rolling Stones na Ingila, da Bob Dylan na Amurka. Waɗannan sun tara dukiya, sunansu ya game duniya. Shi kuwa mai waƙar, shekarunsa na ƙarshe tuƙin bas ya yi ta yi don ya ci abinci.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu bayyana yadda kasuwar faifai ta ke a wancan zamani, in ba haka ba mai karatu ba zai gane inda gizo ya yi saƙa ba. Dattawanmu sun san faifan garmaho na da, baƙi mai nauyi, wanda in ya faɗi ƙasa sai ya tarwatse kamar kasko. To, a shekara ta 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da wani ƙaramin faifai mara nauyi, fāɗinsa inci 7, yana juyawa sau 45 a minti guda. Waƙa ɗaya ce a fuska, ɗaya a baya. Ta fuskar ita kamfani ke fatan ta karɓu, ta bayan kuwa 'yar rakiya ce. Daga shekara ta 1958 wata mujalla mai suna Billboard ta riƙa buga jerin waƙoƙi 100 da suka fi kasuwa kowane mako, daga lamba ta 1 har ta 100. Faifai in ya fito, 'yan makonni kaɗan gare shi. In ma'aikatan gidajen rediyo sun sa shi, 'yan kasuwa sun kai shi kantuna, sai ya hau. In ba su yi ba, ko da waƙar ta fi zuma daɗi, sai a kwashe ragowar a jibge a sito, a manta.

Kuɗin faifai kuma kashi biyu ne. Akwai kason wanda ya rera, akwai kason wanda ya tsara waƙar. Wannan na biyu shi ne mai tsoka, gama duk wanda ya sāke rera waƙar, ko a ina ya ke, sai an biya. Amma ba hannun mawaƙi ya kan faɗa kai tsaye ba, sai ya bi ta kamfanin da ke riƙe da takardar mallakar waƙar. Yaro talaka wanda bai san kan takarda ba, in aka miƙa masa alƙalami sai ya sa hannu, ya yi murna za a ji muryarsa a rediyo.

Haihuwarsa Da Tasowarsa

An haifi Arthur Alexander ran 10 ga watan Mayu, 1940, a garin Sheffield cikin jihar Alabama, can kudancin Amurka. Garuruwa huɗu ne a wurin kusa da juna a bakin kogin Tennessee, watau Sheffield da Florence da Tuscumbia da Muscle Shoals. Ƙasa ce ta auduga, ba wani babban birni. Amma abin mamaki, ta fid da masu kiɗa da yawa. A Florence aka haifi W. C. Handy a 1873, wanda a ke kira uban kiɗan bulus, nan kuma aka haifi Sam Phillips a 1923, mutumin da ya fara ɗaukar muryar Elvis Presley. Sunan mahaifin Alexander shi ma Arthur, ya kuwa iya kaɗa jita, watau molon Turawa. Da ya ke ɗa da uba suna ɗaya, sai a ke kiran yaron June, a taƙaice ke nan na kalmar da ke nufin ƙarami.

A zamanin nan dokar wariyar launi na nan da ƙarfinta a Alabama. Makarantar baƙi dabam, ta farare dabam, haka wurin cin abinci, haka wurin zama a mota. Abu guda ne doka ta kāsa rabawa, shi ne iskar rediyo. Daga Nashville, wadda ba ta da nisa ƙwarai, gidajen rediyo na watso kiɗa iri biyu. Akwai waƙoƙin Turawan karkara, masu ba da labarin talauci da rabuwa da kewar gida, akwai kuma kiɗan baƙar fata mai ganga da ƙaho. Yaron nan ya sha duka biyu, bai zaɓi ɗaya ya ƙi ɗaya ba. Ya kuma yi waƙa cikin ƙungiyar samari masu rera waƙoƙin addinin Kirista. Abin da ya fito daga wannan gauraye shi ne murya mai taushi, mai nauyi, wadda ba ta ihu, kamar ta mutum yana gaya wa amininsa damuwarsa da dare. Wannan murya ita ce arzikinsa, za mu kuma ga yadda ta zame masa cikas a kasuwa.

Da ya zama saurayi sai ya kama aiki a wani otel na garinsu, yana ɗaukar wa baƙi kaya. A lokacin nan akwai wani farin mutum a Florence, sunansa Tom Stafford, ya buɗe ɗan ɗaki a saman kantin sayar da magunguna, samari masu sha'awar kiɗa na taruwa a ciki. Cikinsu har da Rick Hall da Billy Sherrill, waɗanda daga baya kowannensu ya zama babban mutum a sana'ar. Alexander ya riƙa hawa benen nan da waƙoƙinsa a ka. Shigar baƙar fata cikin irin wannan taro a Alabama ta wancan lokaci ba ƙaramin abu ba ne, amma da suka ji abin da ke bakinsa ba su kore shi ba.

A shekara ta 1960 faifansa na farko ya fito, mai suna “Sally Sue Brown”, a ƙaramin kamfanin Judd na Jud Phillips, ɗan'uwan Sam Phillips ɗin nan. A jikin faifan June Alexander aka rubuta. Bai yi kasuwa ba ko kaɗan. Sai bayan shekara 28, a 1988, Bob Dylan ya tono waƙar ya sa ta cikin babban faifansa mai suna “Down in the Groove”. Wannan shi ne farkon abin da zai yi ta maimaituwa a rayuwar mutumin nan.

Waƙar Da Ta Gina Muscle Shoals

A 1961 Rick Hall, wanda ya riga ya rabu da abokan cinikinsa, ya kama wani tsohon siton taba a Muscle Shoals ya mai da shi ɗakin ɗaukar murya. Ba shi da kuɗi, ba shi da suna. Ya tara waɗansu samari farare 'yan garin, David Briggs a fiyano, Norbert Putnam a babbar jita, Jerry Carrigan a ganguna, Terry Thompson a jita, aka sa ɗan dakon otel a gaba ya rera waƙar da ya tsara da kansa, “You Better Move On”. Maganar waƙar ita ce, talaka ne ke fuskantar mai kuɗi wanda ke neman ƙwace masa budurwa. Bai zage shi ba, bai yi masa barazana ba. Ya amsa cewa ba shi da abin da wancan ke da shi, amma cikin natsuwa ya nuna masa hanya ya ce ya kama gabansa. A bayan faifan aka sa “A Shot of Rhythm and Blues”, wadda Terry Thompson ya tsara.

Hall ya ɗauki abin ya tafi Nashville, ya yi ta yawo daga wannan kamfani zuwa wancan ana mai da shi. Daga ƙarshe wani ma'aikacin rediyo mai suna Noel Ball, wanda ke wakiltar kamfanin Dot, ya karɓa. Faifan ya fito, a farkon 1962 ya hau har lamba ta 24 a jerin Billboard. Wannan ita ce matsayi mafi girma da Arthur Alexander ya taɓa kai wa duk tsawon ransa, yana da shekara 21.

To, ga inda abin ya ke. Da ribar wannan faifai Rick Hall ya gina sabon ɗakin ɗaukar murya na FAME a titin Avalon cikin Muscle Shoals. Ɗakin nan ya zama abin kwatance a duniya. Wilson Pickett ya zo ya yi waƙa a ciki a 1966, Aretha Franklin ta zo a 1967 ta ɗauki waƙar da ta ɗaukaka ta, Etta James ma ta zo cikin shekarar. Samarin da suka yi wa Alexander kiɗa suka koma Nashville suka zama manyan makaɗa waɗanda a ke rububinsu. Ƙauyen da ba wanda ya san shi ya zama wurin da mawaƙa ke ƙetaro teku su zo. Duk harsashin wannan gini muryar ɗan dakon otel ce. Amma shi kansa ba a bar shi ya ci gaba da aiki da Hall ba. Kamfanin Dot ya janye shi zuwa Nashville, ya danƙa shi hannun Noel Ball.

A ganinmu a nan aka fara kuskure. Kamfanin Dot ya yi arzikinsa ne da wani farin mawaƙi, Pat Boone, wanda sana'arsa a shekarun 1950 ita ce ya ɗauki waƙar baƙar fata, kamar ta Fats Domino ko ta Little Richard, ya sassauta ta yadda za ta shiga kunnen farare, ya sayar. Kamfanin da ya saba da wannan ciniki bai san abin da zai yi da baƙar fata mai tsara waƙarsa da kansa ba. Da suka tashi yi masa babban faifai a 1962, maimakon su ce ya kawo nasa, sai suka cika shi da waƙoƙin waɗansu mutane da ke tashe a lokacin. Kamar a sami maƙeri gwani ne a sa shi tallan allurar kanti.

Duk da haka, ƙananan faya-fayan da ya yi wa Dot cikin shekara biyu ɗin nan su ne abin da har yau a ke jinjina masa a kai. Na biye shi ne “Where Have You Been”, waƙar Barry Mann da Cynthia Weil, ta tsaya a lamba ta 58. A bayanta aka ɓoye “Soldier of Love”, wadda mutane da yawa ke ganin ta fi ta fuskar. Sa'an nan a ƙarshen 1962 ya fito da “Anna”, wadda ya tsara da kansa, ya kuma raɗa mata suna kusa da na matarsa Ann. Floyd Cramer, gwanin fiyano na Nashville, shi ya kaɗa masa. A jerin waƙoƙin baƙar fata ta kai lamba ta 10, amma a babban jeri na ƙasa duka ta maƙale a ta 68. Wadda ta biyo ta, “Go Home Girl”, ko cikin ɗarin ba ta shiga ba.

Mun saurari waɗannan waƙoƙi, mun kuma ga abin da ya haɗa su, abu ne da Bahaushe zai gane nan da nan. A “Anna”, mutum ne matarsa ko budurwarsa ta ce ta sami wanda ya fi shi sonta, sai ya sake ta ta tafi, bai tsine mata ba, zobensa kaɗai ya nema a mayar masa. A “Go Home Girl”, mutum ne zuciyarsa ta kamu da budurwar amininsa, sai ya kore ta gida don kada ya ci amana, alhali yana sonta. Wannan ai shi ne kara da kawaici. Mawaƙan zamaninsa galibi ko suna kirari da kansu, ko suna kuka da kururuwa. Shi kuwa waƙar mutumin da ya haɗiye baƙin ciki ya ke yi, ya tsaya da mutuncinsa. Kalmominsa 'yan kaɗan ne, ba ado, kamar maganar yau da kullum. Irin wannan sauƙi shi ya fi wuyar samu, duk wanda ya taɓa gwada tsara waƙa ya sani.

Me ya hana su hawa? Gidajen rediyon Amurka a lokacin a rabe su ke kamar makarantunta. Masu sa waƙoƙin Turawan karkara ba su sa baƙar fata, ko da waƙarsa irin tasu ce. Masu sa kiɗan baƙar fata kuwa sun fi son mai zafi wanda za a taka rawa, nasa ya yi musu sanyi. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsu ba ya cikin dabba. Akwai ma wata waƙarsa, “Every Day I Have to Cry”, wadda ba shi ya fara fito da ita ba. Wani farin saurayi, Steve Alaimo, shi ya rera ta, ta kai lamba ta 46 a 1963. Daga baya Dusty Springfield ta rera ta a Ingila, Bee Gees suka rera ta a Ostareliya tun ba a san su ba.

Samarin Ingila

Abin da Amurka ta ƙi ji, sai ga shi an ji shi a ƙetaren teku. Faya-fayansa sun isa Ingila, suka faɗa hannun samarin Liverpool da London masu neman waƙoƙin baƙar fatar Amurka ruwa a jallo. Beatles, tun suna kiɗa a gidajen rawa na Liverpool da Hamburg ta Jamus, sun riƙa rera waƙoƙi huɗu daga faya-fayansa. Ran 11 ga watan Fabrairu, 1963, suka shiga ɗakin ɗaukar murya na EMI a London, suka ɗauki waƙoƙi goma a yini guda, ɗaya daga ciki ita ce “Anna”. John Lennon ya ja ta, yana kuwa fama da mura a ranar. Babban faifan da ta fito a ciki, “Please Please Me”, ya yi mako 30 yana lamba ta ɗaya a Ingila. A watan Janairu na 1964 Rolling Stones suka fito da “You Better Move On”, Hollies ma suka rera ta cikin shekarar. Duk wanda ya ji yadda Lennon ke jan murya a waƙoƙinsa na farko, sa'an nan ya ji Alexander, zai san inda aka ɗebo wuta.

Ba mu ce samarin nan sun yi sata ba. Sun rubuta sunansa a jikin faifai, ba su kuma ɓoye cewa suna sha'awarsa ba. Amma dubi yadda al'amarin ya juya. A watan Fabrairu na 1964 Beatles suka sauka Amurka, kafin farkon Afrilu sun kama lamba ta 1 har zuwa ta 5 a jerin Billboard su kaɗai. Bayansu ƙungiyoyin Ingila suka yi ta kwararowa. Gidajen rediyo suka juya gare su, mawaƙan gida irin su Alexander, waɗanda daga gare su aka koyi abin, suka rasa wurin tsayawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kason mai tsara waƙa kuma, wanda ya kamata ya riƙe shi har tsufa, bai iso hannunsa yadda ya dace ba, saboda irin takardun da ya sa wa hannu yana yaro.

A nan sai mu ce makaɗanmu na gida sun fi shi sa'a ta wani fanni. Alhaji Mamman Shata in ya yi wa mutum waƙa, a nan take a ke ba shi doki ko riga ko mota, gaban jama'a, ba ya jiran wani akawu a wani birni ya lissafa masa. Haka Haruna Uji na Haɗejiya da gurminsa. Amma su ma da aka zo zamanin kaset, aka riƙa kwafar muryarsu a kasuwanni ana sayarwa, wa ya san abin da ya kai aljihunsu? Ciwon ɗaya ne, sai dai kowace ƙasa da irin kamunta.

Daga tsakiyar shekarun 1960 Alexander ya bar Dot ya koma Sound Stage 7, reshen kamfanin Monument na Nashville. Ya yi musu faya-fayai da dama, ba wanda ya hau. Cikin waɗannan shekaru rayuwarsa ta dagule. Aurensa ya mutu, ya faɗa shaye-shaye, lafiyar hankalinsa ta taɓu har aka kwantar da shi asibiti. Ba za mu ɗora wa kamfanoni laifin kome da kome ba, gama mutumin da ba ya cikin natsuwarsa ba ya iya bin faifansa gari gari yana tallarsa, ita kuwa sana'ar haka ta ke so. Wani abin tausayi shi ne, a watan Disamba na 1969 Rolling Stones suka zo Sheffield, garin da aka haife shi, suka ɗauki “Brown Sugar” da “Wild Horses” a wani sabon ɗakin ɗaukar murya, don sunan da wurin ya yi. Mutumin da ya fara jawo wa wurin suna kuwa ba a jin ɗuriyarsa.

Da ya ɗan farfaɗo sai ya kama aikin tsara waƙa a kamfanin Combine na Nashville, inda su Kris Kristofferson da abokinsa na tun ƙuruciya Donnie Fritts ke aiki. A 1972 kamfanin Warner Brothers ya fito masa da babban faifai wanda aka ɗauka a Memphis, Tommy Cogbill ya shirya. Masana sun yaba, musamman waƙar “Rainbow Road” da Dan Penn da Donnie Fritts suka tsara. A cikin faifan akwai wata waƙa ta Dennis Linde mai suna “Burning Love”, Alexander ne ya fara fito da ita. Ba ta motsa ba. Ran 28 ga watan Maris na wannan shekara Elvis Presley ya ɗauki waƙar nan, aka fito da ita a watan Agusta, ta hau har lamba ta 2. Ita ce waƙar Elvis ta ƙarshe da ta shiga goman farko a babban jerin Amurka.

Sai kuma a 1975, ya koma Muscle Shoals ya rera “Every Day I Have to Cry” da bakinsa, bayan shekara goma sha biyu waɗansu na ci da ita. Kamfanin Buddah ya fitar, ta kai lamba ta 45. Aka ce to, ga shi ya dawo. A 1976 ya bi ta da “Sharing the Night Together”, ta leƙa can ƙasan jerin waƙoƙin baƙar fata ta faɗo. Bayan shekara biyu wata ƙungiyar farare mai suna Dr. Hook ta ɗauki waƙar, ta kai ta lamba ta 6. Sau nawa ke nan? Wani ya yi rawa ya sami kuɗi, wani ya yi ya sha kashi. Daga nan Alexander ya wanke hannunsa daga sana'ar.

Ya ƙaura zuwa Cleveland cikin jihar Ohayo, can arewa, ya rungumi addininsa, ya bar shaye-shaye, ya sami aikin tuƙa bas a wata ƙungiyar taimakon jama'a. Ya yi shekara fiye da goma a haka. A wannan tsakani Ry Cooder ya rera “Go Home Girl” a 1979, George Jones da Johnny Paycheck, manyan mawaƙan karkara, suka rera “You Better Move On”, abin da ya nuna cewa tun asali waƙar ta dace da rediyon da ya ƙi sa ta. A 1982 kamfanin Ace na Ingila ya tattara tsofaffin faya-fayansa na Dot ya sāke bugawa, sababbin masu sauraro suka fara tambaya ko mutumin nan yana da rai.

Dawowa

 A 1991 aka lallashe shi ya je New York ya yi waƙa a wani taron masu tsara waƙoƙi. Waɗanda suka ji shi a daren suka tarar muryar na nan yadda ta ke, sai ma nauyi da ta ƙara. Daga nan kamfanin Elektra Nonesuch ya ɗauke shi, wani saurayi mai suna Ben Vaughn ya shirya aikin, aka tara tsofaffin abokansa, su Dan Penn da Donnie Fritts da Spooner Oldham da Reggie Young, aka shiga ɗakin ɗaukar murya a Nashville. Faifan, mai suna “Lonely Just Like Me”, ya fito a farkon 1993, shekara 21 bayan babban faifansa na baya. A ciki ya sāke rera “Sally Sue Brown”, waƙar da ya fara da ita. Jaridu suka yaba, gidajen rediyo suka kira shi hira, aka fara shirya masa yawon wasa.

A watan Mayu na shekarar ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya game da waƙoƙinsa, wannan karo yana dattijo wanda ya san abin da takarda ta ƙunsa. A farkon Yuni ya yi wasa a Nashville tare da sabuwar ƙungiyarsa. Bayan 'yan kwanaki ciwon zuciya ya buge shi, ya rasu ran 9 ga watan Yuni, 1993, yana da shekara 53. Aka kai shi gida Alabama, aka binne shi a maƙabartar garin Florence, ƙetaren kogi daga Sheffield.

A 1994 mawaƙa suka haɗu suka yi faifai guda don tunawa da shi, mai suna “Adios Amigo”, cikinsu har da Elvis Costello da Robert Plant da Mark Knopfler da Roger McGuinn da John Prine, kowa ya ɗauki waƙa ɗaya daga cikin nasa. A ƙarshen wannan shekara kuma aka fito da tsofaffin waƙoƙin da Beatles suka yi wa gidan rediyon BBC tun suna samari, sai ga “Soldier of Love” da “A Shot of Rhythm and Blues” a ciki, waɗanda dukansu biyu a bayan faifai Alexander ya fara rera su. Faifan ya hau lamba ta ɗaya a Ingila. A shekara ta 2000 Jami'ar Alabama ta buga littafin tarihin rayuwarsa, wanda Richard Younger ya rubuta.